Amsa: Masauki mai sauƙin kuɗi a Bankok

Ɗan'uwa, ka tambaya inda za ka sami masauki mai arha kuma mai daɗin zama a Bankok, babban birnin Thailand, tunda sarin tufafi ne zai kai ka.

Shawarata ita ce ka nemi ɗaki a unguwar Pratunam, domin kasuwar sari da katafaren kantin tufafi na Platinum duk suna nan kusa, kuma jirgin ƙasan da ke tasowa daga filin jirgin saman Suvarnabhumi yana tsayawa a tashar Ratchaprarop. Ƙananan otal-otal na cikin lunguna sun fi na bakin titi sauƙi da rashin hayaniya, sai dai ka leƙa ɗakin kafin ka biya, saboda wasu ba su da taga ko kaɗan, kuma a zafin garin nan na'urar sanyaya ɗaki wajibi ce. A lungu na 7 na titin Phetchaburi akwai masallacin Darul Aman da gidajen abincin halal.

Unguwar Khao San, matattarar 'yan yawon buɗe ido, tana da arha, amma kiɗa ba zai bar ka barci ba. Farashin masauki a Bankok kuwa yakan tashi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan hayar wata za ka kama, ka tambayi kuɗin wuta, domin daban ake lissafa shi.