Alhaji, kafin ka saida mangaza saboda biza, ƙirga mutanen gidanka tukuna

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga unguwar Zariya nan Maraɗi ya aiko min da tambaya, ga ta a taƙaice. Yana saida shadda da atamfa a babbar kasuwa, kayansa daga Dubai da Cana suke zuwa, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai ta Lome ake zagayowa da su, kuɗin mota ya ninka riba ta ja baya, ga zancen tsaro a kan hanya. Matansa biyu, ƴaƴa tara, babban yana da shekara 22. In ya haɗa kaya da mangaza da wani fili zai kai miliyan 150 na sefa. Wani mai haɗa takardu ya ce ya ba shi miliyan 8 zai samo masa bizar kasuwanci ta Kanada ko Turai, shi da iyali duka su tashi. Tambayarsa, wace ƙasa ya fi kyau ya zaɓa?

Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Miliyan 8 ɗin nan dai riƙe abinka, ko jikka ɗaya kar ka bayar tukuna.

Takarda iri biyu ce ake haɗa maka wuri guda. Akwai wadda kake zuwa saro da ita, irin bizar M ta Cana da kake shiga Guangzhou da ita, ko B1 ta Amurka, ko gajerar biza ta Turai wadda kwana 90 ne kawai cikin kwana 180. Wannan ta baƙo ce, ka je ka ga kaya ka yi ciniki ka dawo, ba ta ba ka izinin zama ba, ba ta sa yaro lakwal, in ka wuce kwanakinta ka zama wanda ƴan sanda ke nema. Sannan akwai takardar zama ta mai zuba jari, ita ce ke ɗaukar iyali kuma ita ce mai tsadar gaske. Yawancin masu karɓar miliyan 5 miliyan 8 ɗin nan ta farkon suke nema maka, su kira ta da sunan ta biyun, wani lokacin ma da takardar gayyata ta ƙarya, kuma in aka kama ƙarya a dosiyenka kai ne sunanka zai ɓaci a kwamfutar ofishin jakadanci shekara da shekaru, shi kuwa ya canza lambar waya ya kama wani.

To yanzu batun ƙasa. Ni ba daga ƙasa nake fara lissafi ba, daga tsakar gidanka nake farawa, don ka ce matanka biyu, kuma wannan kaɗai ya rufe maka ƙofofi da yawa tun ba a zo maganar kuɗi ba. Faransa tun 1993 dokarta ta hana ba da takardar zama ga mai zaune da mata fiye da ɗaya a ƙasar. Kanada laifi ne a dokarsu. Amurka ma tana hana shiga ga wanda zai je ya zauna da mata biyu. Har Turkiyya da muke gani ƙasar musulmi ce, dokar aurenta tun 1926 mace ɗaya ta sani. Ma'ana uwargida ce za ta shiga dosiye, amarya ta tsaya Maraɗi, ƴaƴanta kuma in za su bi ka sai da takardar yardarta, su tafi su bar uwarsu. Wasu masu haɗa takardu za su ce maka ai da sauƙi, a rubuta saki a takarda kawai, ko a ce ƙanwarka ce. Alhaji kar ka soma, banda haɗarin kamu akwai maganar addini a ciki wadda sai ka zauna da malami, kuma akwai haƙƙin baiwar Allah da za a goge sunanta daga aurenta saboda fasfo. Wannan abin yana damuna ƙwarai don na ga gidan da ya watse a kansa.

Sai babban ɗanka mai 22. Shirin zuba jari na Amurka da ake kira EB-5 yana ɗaukar ƴaƴan da ba su kai 21 ba kuma ba su yi aure ba. Na Turkiyya ƴan ƙasa da 18 ne. Dubai ta fi sassauci, namiji har 25, mace kuwa muddin ba ta yi aure ba. Kenan a wurare da dama shi dosiyensa daban, ko ta karatu ko ta aiki.

Bari in wuce da sauri kan waɗanda ba naka ba ne. EB-5 dalar Amurka 800,000 ne mafi ƙanƙanta, sama da miliyan 400 na sefa kenan, kuma sai jarin ya samar wa mutum 10 aiki, sannan a ƙarshen 2025 Amurka ta saka Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa. Bizar E-2 da ake yawan tallatawa a Facebook ta ƴan ƙasashen da suka ƙulla wata yarjejeniya ce da Amurka, Senegal da Togo na ciki, Nijar ba ta ciki. Ingila ta rufe bizar masu zuba jari a Fabrairun 2022. Spain ta rufe tata a 2025. Faransa na da hanyar kafa kamfani da yuro 30,000, wajen miliyan 20, amma suna son digiri mai zurfi ko shaidar shekara 5 a sana'ar da tsarin kasuwanci a rubuce, kuma ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Turkiyya na ba da fasfo ga wanda ya sayi gida na dala 400,000 ya riƙe shekara 3 bai saida ba, wannan ya haura miliyan 200, ya fi ƙarfin abin da ka lissafa ko da ka saida komai.

Abin da ya rage a gabanka da gaske Dubai ne, sai Saudiyya a nesa kaɗan, sai kuma nan kusa da za mu zo kai.

Dubai ka riga ka san ta, ka san unguwar kasuwanci ta Deira ka san masu ba ka kaya, wannan ba ƙaramin jari ba ne. Hanya biyu ce. Bizar shekara 10 tana son gida na dirhami miliyan 2, kusan miliyan 300 na sefa, ajiye wannan. Ta biyu ka buɗe kamfani da lasisi, ka samu takardar zama ta shekara 2 wadda ake sabuntawa, da ita kake ɗaukar nauyin iyali. Ga ma'aikaci suna neman albashin dirhami 4,000 a wata ko 3,000 da gida, mai kamfani kuma ya nuna takardun kamfanin da kwantiragin hayar gida mai rajista. Dokarsu ta bar ƙofa ga musulmi ya ɗauki nauyin mata biyu in ya cika wasu sharuɗɗa, wannan kam ka nemi amsarsa a rubuce daga ofishin shige da ficensu kafin ka biya kuɗin lasisi, kar ka dogara da bakin dillali.

Amma fa ka sani takardar Dubai ba ta zama ɗan ƙasa ba ce, ko ka shekara 30 baƙo ne kai, in lasisi ya mutu ba a sabunta shi ba bizar kowa a gidan ma ba za ta sabuntu ba. Kuma irin ta shekara 2 ɗin nan in ka zauna waje fiye da wata 6 a jere tana iya lalacewa. Sannan ka zauna da alƙalami ka lissafa mutum 12. A nan gidanka naka ne, buhun hatsi daga gona yake zuwa, yaro in ya yi zazzaɓi an san inda za a kai shi da jikka biyar. Can hayar shekara ake biya da caki, sau ɗaya ko sau huɗu, gidan da zai ɗauki mata biyu da yara tara ba ɗaki biyu ba ne, kowane rai sai an yi masa inshorar lafiya dole, kuma ƴaƴan baƙi yawanci makarantar kuɗi suke shiga, da Turanci ko Larabci, alhali naka da Faransanci suka taso, mai aji biyar sai ya koma kamar ɗan aji ɗaya. Abin da ke kada mutanenmu kenan, suna da kuɗin shiga ƙasar, ba su da kuɗin wata na goma sha uku. Ga harajin kamfani kashi 9 cikin 100 da suka fara a 2023 kan ribar da ta wuce dirhami 375,000, ba yawa gare shi ba amma yana nufin dole ka riƙe akawu da littafi tsaf.

Saudiyya na san zuciyar kowa tana can. Suna da takardar zama ta musamman tun 2019, riyal 100,000 duk shekara ko 800,000 sau ɗaya, na biyun ya kusa cinye dukiyarka gaba ɗaya kuma kuɗin takarda ne kawai ba jari ba, ba ya dawowa. In kuma iƙama ce, wato takardar zama ta kullum, kowane wanda ke ƙarƙashinka riyal 400 ne a wata, ka buga sau 11 ka gani.

Yanzu ga inda nake so ka fi sauraro, don duk ƙasar da ka zaɓa nan za a tsaya. Za su tambaye ka ina kuɗin nan suka fito, kuma da takarda suke son amsa. Na zauna da wani ɗan kasuwa a shagonsa muna shirya irin wannan dosiye, mutum ne da tirela ke sauke masa kaya, na ce ina bayanan banki na wata 6, sai ya jawo durowa ya fito da littafi mai baƙin bango, duk sunayen masu bashi ne, wane na Tasawa dila uku, wane na Dakwaro saura jikka ɗari huɗu, wasu da ajami wasu da boko. Kuɗin kaya ta hannun ɗan canji yake tura su, a ba da sefa nan a karɓi dirhami can, ba rasit ba komai sai amana. A kasuwar Maraɗi wannan littafin ya fi takardar banki daraja kowa ya sani, amma ma'aikacin ofishin jakadanci ba ya iya karanta shi, a idonsa mutumin nan ba shi da sana'a. In haka kake Alhaji, to aikinka na farko ba biza ba ne, ka tabbata kana da rajistar kasuwanci RCCM da lambar haraji ta NIF, kana biyan lampo kana ajiye rasit, takardun duwan na kowace kwantena suna cikin jaka guda, cinikin yau da kullum yana bi ta asusun banki da sunan kasuwancin aƙalla shekara ɗaya. Kuma ka sani fitar da babban jari daga ƙasashen sefa zuwa waje yana da ƙa'ida, ta banki ake bi da izinin ma'aikatar kuɗi, in ka bi ta bayan gida kuɗin za su isa amma ba za ka iya nuna asalinsu ba, bankin can ma yana iya ƙin buɗe maka asusu.

Haka takardun gida. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da dabino aure ne cikakke wurin Allah, amma suna son takardar aure ta meri. Ka fito da takardun haihuwar yaran duka ka shimfiɗa su kan tabarma ka duba sunanka a kowace, sau da yawa za ka ga nan an rubuta Mahamadou, can Mahaman, can Mamane, wani yaron ma takardar kotu gare shi da aka yi daga baya an sa masa 1 ga Janairu. Harafi ɗaya yana tsayar da dosiye wata da watanni, kuma gyaransa a nan Maraɗi ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Shawarata a kan miliyan 150 ɗin, kar ka saida mangaza kar ka saida fili. Ƙarfinka a nan yake, a masu sarin da suka san ka shekara 20, in ka tattara ka tafi ka saki reshe ka kama ganye, don a Deira kai ɗaya ne cikin dubban masu shago kuma Indiyawa da ƴan Cana sun riga ka zama. Ka ware abin da in ya ɓace ba zai durƙusar da kai ba, a ganina kar ya wuce kashi ɗaya cikin biyar, ka buɗe ƙaramin kamfani a Dubai kai kaɗai, aikinsa saro da lodi zuwa Maraɗi da kuma yi wa sauran ƴan kasuwarmu sayayya da kamasho. Babban yaron nan ka zaunar da shi a shagon nan tare da wani amintacce, ko kuma shi ka tura can tunda shekarunsa sun ba shi dama kai kana kai da kawowa. In kamfanin ya ciyar da kansa shekara guda cur ba tare da ka ɗebo daga shagon gida ba, sannan a fara maganar ɗaukar iyali, kuma a yi ta da matan biyu a zaune, don wata ma za ta ce maka ita ba ta barin tsohuwarta.

In kuma abin da ke korarka karatun yara ne da kwanciyar hankali ba wai sunan ƙasar waje ba, ka dubi Kano ma da idon basira. Ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar yini ce ba ta cika ba, harshe ɗaya, Kantin Kwari ita ce uwar kasuwar yadi, ba mai tambayarka matanka nawa. Gaskiya ne Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna shige da fice har sai an sake sanarwa, don haka ka bincika matsayin takardar zama a lokacin da ka shirya, kuma ka sa faɗuwar naira cikin lissafi tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana yawo.

Shi kuma mai miliyan 8, ka yi masa tambaya uku a gaban shaida: mene ne sunan bizar a shafin gwamnatin ƙasar, nawa ne kuɗin da gwamnatin da kanta take karɓa, kuma sunan amarya zai shiga a matsayin me. Ka ce ya rubuta maka amsar ya sa hannu, sai ka kawo min takardar tare da takardun haihuwar yaran mu duba tare.