Tambaya da Amsa: Yaya Zan Sa Kwamfuta Ta Jero Haruffa Daga A Zuwa Z?

Tambaya: Malam, ina koyon tsara manhaja da harshen Python, kuma na iya sa kwamfuta ta ƙirga daga 1 zuwa 100 da umarnin for, wato umarnin maimaita aiki, amma da na so ta jero haruffa daga a zuwa z sai abin ya faskara. Shin dole ne in rubuta su ɗaya bayan ɗaya da hannuna?

Amsa: Ba dole ba ne, ɗalibi, domin a wurin kwamfuta kowane harafi lamba ce. A tsarin ASCII, wato tsarin bai wa haruffa lambobi, wanda aka fara fitarwa a Amurka a shekarar 1963, babban A yana kan lamba 65, Z kuma 90, yayin da a tsarin da ake amfani da shi yanzu ƙaramin a yake kan 97, z kuma 122. Tunda ka iya ƙirga lambobi, abin da ya rage maka shi ne ka mayar da kowace lamba harafi da umarnin chr:

for n in range(97, 123): print(chr(n))

Ka lura da 123 ɗin nan, domin range, wato umarnin da yake jero lambobin, ba ya haɗawa da lambar ƙarshe, kuma wanda ya rubuta 122 zai ga jerinsa ya tsaya a y, ya yi ta neman inda z ya maƙale. Haka nan kada ka zarce daga 65 har 122 da nufin haɗa manya da ƙanana, saboda akwai alamomi 6 da ba haruffa ba a tsakaninsu.

Ni dai na fi son hanyar da ba ta buƙatar haddar lambobi, wato ka shigo da string, wani kundin kayan aiki da yake zuwa tare da Python, sannan ka bi string.ascii_lowercase, inda haruffan 26 suke jere tun asali.

Sai dai duk wannan haruffan Turanci kawai zai ba ka. Idan na Hausa kake nufi, ƙirga ba za ta fitar da kai ba, domin a tsarin Unicode, wanda ya bai wa haruffan harsunan duniya lambobi, ƙ tana kan 409, ɓ kan 595, ɗ kuwa 599, nesa da 'yan'uwansu, balle sh da ts da kwamfuta take ɗauka a matsayin haruffa bibbiyu. A nan kam sai ka rubuta jerin da kanka sau ɗaya, ka sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sannan ka bar for ya bi shi.