Filin Kwari Mai Araha a Haɗejiya: In Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini fili hamsin-da-ɗari a gefen Haɗejiya ta wajen fadama, kuɗinsa bai kai rabin na tudu ba. Ya ce tunda akwai jinga, ruwa ba zai shigo ba. In saya in gina? Mai karatu, Haɗejiya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Duk garin da ruwa ya ci, kamar yadda ya yi wa Jigawa a 2020 da 2022, haka kasuwa take: tudu ya yi tsada, kwari ya faɗi. Abin da aka rage maka a fili, a ciko da siminti za ka biya shi, ga buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000 a 2024.

Ruwan Haɗejiya ba na samanta kaɗai ba ne. Daga Kano yake gangarowa, ta madatsun Tiga da Challawa. In sun cika a Agusta ko Satumba, ga ciyawar kachala da yashi sun toshe hanyar kogi, sai ya fantsama. Jinga kuwa ƙasa ce, tana ɓallewa. Ko ta tsaya, ruwan saman da ya taru a bayanta ba shi da mafita.

Kada ka biya da rani. Da rani kowane fili tudu ne a bakin dillali. Je a ƙarshen Agusta, ka duba katangun maƙwabta: ruwa yakan bar zane, ƙasansa siminti na ɓarɓashi kamar gari. Auna tsawon zanen daga ƙasa. Ka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya ya kwana. In ka tarar da ruwa da safe, masai da tushe za su wahalar da kai. Baƙar laka mai tsagewa da rani ma abin tsoro ce, tana kumbura da damina ta fasa bango.

In dole sai nan, daɓen ɗaki ya ɗara wancan zanen da aƙalla ƙafa biyu. A yi ciko da jar ƙasa, ana daddaɓe kowane inci shida, ba a juye tifa a bi ta kai ba. Rashin daddaɓewar ne ke sa daɓe ya lotsa bayan shekara. Bulon tushe ya zama mai inci tara, a cika cikinsa da kankare, kada a buga fiye da bulo 30 da buhun siminti ɗaya. A shimfiɗa leda mai kauri kafin zuba DPC (kankaren da ake zubawa a saman tushe), ita ce ke hana danshi hawa bango. Ginin ƙasa kuwa a manta da shi, kwana biyu ruwa ya kwanta a gindinsa sai ya zube.

Masai ya yi nisan mita 30 da rijiya, a ɗaga bakinsa. Soket da mitar wuta su hau sama.

Sannan takardar mai unguwa ba ta isa ba. Bincika a ofishin filaye ko wurin hanyar ruwa ce, don gini a kan magudana na iya fuskantar rusau. Haɗa kuɗin ciko da na filin, ka kwatanta da hamsin-da-hamsin a tudu kafin ka ba da kafin alƙalami.