Kafin ka buɗe bokitin fenti a gidan da za a sayar

Yarona, ka ce mai gidan da ya kira ka yana so ya sayar da gidansa kafin Sallah ya koma sabon da ya gina, kuma ya ce ka shafa masa fenti hannu ɗaya ko'ina, har da bangon baya wanda danshi ya ci daga ƙasa zuwa gwiwa. Kana tambaya ko ka yi yadda ya ce, da kuma dalilin da ya sa nake yi wa fentin sayarwa wani lissafi, na Sallah wani, na tarewa wani, alhali bokitin ɗaya ne.

Bari mu fara da bangon nan, don shi ne abin da zai iya ɓata maka suna.

Fenti ba ya tare ruwa. Idan ka ga bango ya yi duhu daga ƙasa, fentin ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a jikin filasta, to ruwa ne yake hawowa daga ƙasa ko yake shigowa ta baya, yana ɗauko gishirin cikin bulo da siminti yana ajiyewa a waje idan ya bushe. Ka shafa hannu goma a kai, ruwan yana nan yana aikinsa, kafin damina ɗaya ta wuce fentin zai ɓare ya zubo. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka zaga bayan bangon ka gano daga ina. A gidajen Kano yawanci ɗayan waɗannan ne: indararo yana zubar da ruwa a gindin bango, ko kwatar maƙwabci ta toshe ruwa yana kwanciya, ko fayif ɗin banɗaki yana yoyo a cikin bango, ko kuma an cika titi da ƙasa har ya fi ƙasan gida tsawo. Akwai na ƙarshe mai wuya, wato tun wajen gini magini bai sa abin da zai raba harsashi da bango ba, ruwan ƙasa yana hawa kai tsaye. Wannan ba aikin mai fenti ba ne, magini za a kira.

Idan kana shakka ko bangon ya bushe, ka yanko leda mai faɗin tafi biyu ka manna da salatif ta kowane gefe, ka bar ta ta kwana. Da safe idan ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashinta, ko wurin ya fi gefensa duhu, ruwa yana ciki. Sannan ka ƙwanƙwasa filastar da makulli. Inda ta yi ƙara kamar babu komai a bayanta, ta saki bulo, sai an fasa an sake. Sabuwar filasta kuwa tana son kamar kwana 28 kafin ta karɓi fenti, shi ya sa gyaran gaggawa na mako guda kafin zuwan mai saye ba ya ƙarko.

Yanzu maganar da za ka yi wa mai gidan. Kada ka ce masa yana son ya cuci mutane, ba tarbiyya ba ce, kuma wataƙila shi ma bai ɗauke shi haka ba. Ka ce: Alhaji, wannan wurin in na rufe shi zai dawo, kuma wanda ya saya zai san an rufe ne. Ka ba shi zaɓi biyu. Ko a gyara tushen ruwan a sake filasta a jira ta bushe, ko a kankare wurin a bar shi a fili, a nuna wa mai saye, a rage masa kuɗin gyara a cikin ciniki. Na biyun ya fi sauri, kuma yawanci ya fi wa mai gida arha. Ɓoye aibin kaya a ciniki kowa ya san hukuncinsa a addini, hadisin nan na wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu ko yaran makarantar allo sun haddace shi, kuma malamai sun ce mai saye yana da damar maido da kaya idan ya gano aibin da aka rufe masa. Ranar da maganar ta je gaban mai unguwa ko alƙali, tambayar farko ita ce wa ya yi fentin. Idan ya dage sai an rufe, ka ce ni na hana ka, ya kira ni. Gara mu rasa aikin.

Masu sayen gida da suka san kan abu ma ba su ruɗuwa da sabon fenti. Da yawansu sukan jira watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, su je su ga yadda lungun yake bayan an ɗauke ruwa, su ɗaga kai su duba silin. Gidan da aka yi wa fenti fes a bango ɗaya kawai, sauran suka tsufa, shi ne yake sa mutum ya fara zargi.

Sauran gidan kuwa, fentin sayarwa ba wurin gwaninta ba ne. Launin da mai gida yake so ba shi ne magana ba, tunda fita zai yi. Ka ba shi fari ko ruwan madara a ciki, ɗakuna za su yi haske su yi kamar sun ƙara faɗi, wanda ya saya kuma zai iya ɗora launinsa a kai ba wahala. Ka hana shi kashe kuɗi a kan sikiridin, wato shafen da ake yi wa bango ya yi sumul kafin fenti, da ado na POP, ba za a ƙara masa kuɗinsu a farashi ba. Inda kuɗi yake dawowa shi ne fuskar gida: katanga, get, zaure, sai banɗaki da kicin. Get ɗin ƙarfe ka goge tsatsarsa da samfefa, ka sa jan fentin ƙasa, wato na farko mai hana tsatsa, tukuna kafin fentin mai, in ba haka ba tsatsar za ta huda sabon ta fito. Kicin ka wanke baƙin hayaƙi da maiƙo da omo kafin komai, don fentin ruwa ba ya kama maiƙo. Kuma hannu ɗaya da yake faɗa, a kan tsohon bango mai launi, ba ya rufewa. Ka gaya masa tun yanzu hannu biyu ne, kada a zo biyan kuɗi a yi ta ja-in-ja. Kada kuma ka cika wa fenti ruwa don bokiti ya kai. Abin da kamfani ya rubuta a jikin bokitin shi za ka bi.

Takardu ba sana'armu ba ce, amma mai gida yakan tambayi duk wanda ya gani a gidansa, to ka san abin faɗa. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnan jiha ne, gidan da yake da satifiket ɗin mallaka sai da amincewar gwamna ake canja masa suna, a Kano kuma ofishin KANGIS, mai ajiye bayanan filayen jiha, ake zuwa a bincika fili. In gidan gado ne, sai duk magada sun yarda. La'adar dillali a yanke ta gaban shaidu tun kafin ya kawo mai saye. Iyakar naka ke nan, sauran ka ce ya nemi lauya.

Fentin Sallah wani abu ne daban. Nan mai gida da iyalinsa za su zauna, don haka launi nasu ne, musamman uwargida, ita za ka tambaya ta bakin maigida kafin a sayo, don labule da kujeru da kafet ita ta san kalarsu. Iyayenmu mata da can da farar ƙasa suke shafe ɗakunansu su sake jere in Sallah ta matso, yanzu emolshan, wato fentin ruwa, ya karɓi wurin, amma al'adar tana nan. Abin da yake ba mu wahala shi ne lokaci. Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka yanayin aikin yana canjawa. Babbar Sallar 2019 ta faɗo ranar 11 ga Agusta, tsakiyar damina, fentin waje a lokacin caca ne. Ƙaramar Sallar 2025 kuwa ƙarshen Maris ta zo, cikin zafin bazara. A zafi irin wannan fenti yakan bushe kafin ya kama bango, sawun rola ya fito. Dabarar ita ce ka bi inuwa: da safe ka yi bangon yamma, da la'asar ka koma na gabas. A hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, musamman ga fentin mai da yake daɗewa bai bushe ba. Ka yayyafa ruwa a tsakar gida kafin ka fara, ranar da hazo ya yi yawa ka bar ƙofofi da tagogi sai gobe. Mafi kyawun lokacin fentin waje shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke da 'yan makonni, bango ya sha iska, ƙura ba ta sauko ba.

Ni dai duk mai gidan da ya saba da ni nakan ce masa a yi aikin Sallah a watan Sha'aban. Goman ƙarshe na azumi kowa yana neman mai fenti, ma'aikata suna azumi a kan tsani, ga mata suna son tsakar gida don girkin buɗa-baki. Aikin da aka yi a haka ba ya fita yadda ake so.

Sabon gidan da mai gidan naka zai koma kuwa, roƙe shi ya ba ka shi babu kowa babu komai. Ɗakin da babu kaya rabin wahala ne. A gama aikin mai wayarin da mai famfo da mai tayil tukuna, mu ne na ƙarshe, in ba haka ba za su fasa bangon da ka gama. Idan za a yi feshin gara da kyankyaso a yi shi gidan yana fanko. Bayan fentin mai a bar tagogi a buɗe kwanaki kafin a tare, balle in akwai mai jego ko mai ciwon asma.

Ranar kwashe kaya, ka ba shi shawara ya kira kafinta ya kwance gado da wadirob, ƙusoshin kowanne a ɗaure a leda a jikinsa. In damina ce a-kori-kura ta zo da sassafe da tamfol, don hadari ya fi tasowa da yamma. Kafin ya miƙa makullin tsohon gida ya biya bashin wuta da na ruwa ya ɗauki hoton mita, don kada wanda ya shigo ya tarar da bashi. A sabon gidan kuma ya canja kwaɗon ƙofar waje, tunda leburori da yawa sun riƙe makullin lokacin gini.

Masu ɗaukar kaya sai sun goge maka bango a lungu da bakin ƙofa, komai taka-tsantsan ɗinsu. Don haka ka ajiye galan ɗaya na kowane launi daga bokitin da ka yi aiki da shi, ka rufe shi sosai, ka rubuta ɗakin da aka shafa a jikin murfin. In ka sake haɗa launin daga baya ba zai zo daidai ba. Ka sa kuɗin komawa gyaran nan a cikin lissafinka tun farko, ka gaya masa za ka dawo bayan kaya sun zauna da mako guda.