Madubin Gefe a Tsohuwar Fijo: Ajiye Injin Huda Tukuna

Sani, jiya da yamma ka tambaye ni me ya sa na hana ka huda ƙofar Fijo 403 ɗin da Alhaji ya kawo, alhali shi da bakinsa ya ce a sa mata madubin gefe. Ka ce rami biyu ne kawai, minti goma an gama. Zauna ka ji, ɗana.

An fara ƙera 403 a Faransa a 1955, aka daina a 1966. Ko ta ƙarshen fita ce, ta girmi mahaifinka. A lokacinta motoci da yawa suna fitowa da madubi ɗaya tal, na ciki, don hanya ba cunkoso. Yau kuwa a nan garin Garwa na Kamaru, daga kasuwa zuwa gadar Binuwai masu babur ta dama da hagu suke ɓullo maka, ga jandarma a hanya. Alhaji yana da gaskiya, madubi ya zama dole. Amma wannan ƙofar ta shekara fiye da hamsin ba wanda ya taɓa huda ta, kuma abin da ya ba motar daraja ke nan. Ka huda, fenti ya tsage a bakin ramin, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta fara ci daga ciki inda ido ba ya kai. Ni na yi wannan kuskuren a kan wata Fijo 404 ina kamar kai. Damina biyu aka yi, fentin ya kumbura kewaye da gindin madubin, sai da muka yanke wurin muka yi walda, kuma launin bai sake haɗuwa ba. Har yanzu abin yana damuna.

Don haka madubin da za mu yi na cirewa ne: zai kama gefen ƙarfe kamar hannu, ranar da aka kwance shi kada a ga inda ya zauna.

Kada ka kawo mini zancen maganaɗisu ko robar nan mai tsotsar gilashi. Zafin watan Afrilu a nan yana wuce digiri 40, robar ta saki, madubi ya faɗi a kwalta. Maganaɗisu kuwa yana jawo ƙurar ƙarfe ƙarƙashinsa ta goge fenti, in kuma tsohuwar Land Rover ce ba zai ma kama ba, jikinta alminiyam ne.

Wuri biyu ake kamawa: indararon ruwan da ke gefen rufi, ko bakin firam ɗin ƙofa ta gaba. Na fi son na ƙofa, don ya fi kusa da idon direba. Ka samo falle na ƙarfen da ba ya tsatsa, ka lanƙwasa shi kamar baki buɗe. Harshen da zai shiga tsakanin ƙofa da jiki kada kaurinsa ya wuce milimita ɗaya da rabi, in ba haka ba ƙofa ba za ta rufe daidai ba, robarta ta matse, iska ta riƙa fito a kunnen direba. Ta waje ka yi waldar noti biyu ƙanana, na milimita 5, ka sa musu kusoshi.

Ga inda yawancin yara suke ɓata aiki: bakin kusa bai kamata ya taɓa fenti ba, ko kaɗan. Kusa ta danna wani ɗan falle, fallen ya danna roba, robar ce za ta kwanta a jikin mota. Yanki daga tsohon tiyub na babur ya isa, ciki da waje. Ɗaurin kuma da yatsu uku ne a kan sufana, kusa ɗaya kaɗan, ɗayar kaɗan, har ka ji ya tsaya. Tsohon fenti ya bushe kamar ɓawon ƙwai, in ka ji ɗan "ƙas" to ka riga ka fasa.

Hannun madubin ya zama gajere, santimita 10 ko ƙasa. Dogon hannu rawa yake yi. Da an hau hanyar Marwa aka shiga ramuka, abin da direba zai gani a ciki hazo ne kawai, kuma rawar nan ita ke sassauta kusoshi. Kan madubin zagayayye za mu nema, fari mai ƙyalli, ya dace da shekarun motar. Na babur yana yi idan ya yi kyau, sai dai ka lura: na Yamaha na hannun dama zaren kusarsa a juye yake, hagu ake ɗaure shi. Na ga yara sun lalata zare suna ta murɗawa.

A gefen direba, wato hagu, ka sa gilashi miƙaƙƙe, shi ke nuna nisa na gaskiya. Na dama ya zama mai ɗan tudu, don yana nesa da ido kuma ƙarami ne, miƙaƙƙe ba zai nuna komai ba sai gefen hanya. Amma ka gaya wa Alhaji mai tudu yana nesanta abu: babur ɗin da ya gani kamar yana can baya, yana dab da shi. Kuma ba kai za ka saita ba kana tsaye a waje. Shi zai zauna a kujerarsa, wani ya tura babur ta baya a hankali, kai kana juya madubin har ya ce ya gani.

Ka kuma roƙe shi, in ya dawo daga fita ya kwance su ya goge wurin. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin roba ta zama yashi.

Gobe da safe ka auna tazarar ƙofar da kwali kafin ka yanka ƙarfe, ka gwada kamun farko a kan tsohuwar ƙofar da ke jingine bayan gareji. In ya zauna daram, ka kira ni in gani, sa'annan mu taɓa motar Alhaji.