Wace makarantar MBA ce ta cancanci kuɗina?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Babban ɗana ya gama digiri, yana so in biya masa karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Ya kawo mini jerin makarantu daga intanet, wai ta sama ita ce ta fi. Yaya zan gane inda kuɗina ba zai tafi a banza ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. In jerin jaridar Financial Times ya kawo maka, tun 1999 ake fitar da shi duk shekara, kuma abin da ya fi nauyi a cikinsa shi ne albashin ɗalibi shekara 3 bayan kammalawa, da yadda ya ƙaru a kan na da. Ma'aunin masu neman aikin kamfani ke nan. In shagonka yaron zai dawo, bai shafe shi sosai ba.

Sannan makarantun da ke saman jeri sukan ɗebi waɗanda dama sun yi nisa a aiki, don haka ba duk albashin ne aikin makarantar ba. Kai kanka ba ka auna yaran shago biyu da yawan ciniki, sai ka duba jarin da ka ba kowa da ribar da ya kawo. Tun 1978 masana uku, Charnes da Cooper da Rhodes, suka fito da lissafi irin wannan, kuma an sha gwada shi a kan makarantun kasuwanci: me aka zuba, me ya fito. Sau da yawa ƙaramar makaranta kan yi kafaɗa da mai suna.

To, ka zauna da biro ka lissafa duk abin da za ka kashe. Kuɗin makaranta, masauki, jirgi, da abin da zai rasa saboda barin kasuwa. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. A Amurka galibi shekara 2 ake yi, makarantar INSEAD ta Faransa wata 10. In da dala za ka biya, da naira zai samu, shekara nawa kafin kuɗin ya dawo?

A gida akwai Dangote Business School a Jami'ar Bayero, inda zai iya karatu yana leƙa shago, da Lagos Business School mai shaidar AACSB, ƙungiyar da ke tantance ingancin makarantun kasuwanci a duniya. Ko wacce ce, ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta amince da kwas ɗin, ka kuma nemi waɗanda suka gama can ka ji me suke yi yanzu.

A ganina, ka fara miƙa masa littafin shiga da fita na shagon ya riƙe shekara 2. Manyan makarantun ma sai sun ga ya taɓa aiki kafin su ɗauke shi.