Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Masu Tallan Sutura a Waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai sana'ar ɗaukar hoto a Mabera, Sakkwato. Wata tela ta ba ni aikin ɗaukar 'yan mata biyu da saurayi ɗaya sanye da ɗinkinta na Sallah, domin ta ɗora a Instagram. Ina da kyamara mai gilashin milimita 50, wani lokacin kuma da waya nake aiki. Matsalata ita ce duk sa'ad da muka fita waje sai fuskoki su yi duhu, aikin farar shadda ya ɓace, masu tallan kuma su sandare kamar za a yi musu hoton fasfo. Me ya kamata in gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawan abin da ke ɓata maka hoto yana faruwa ne tun kafin ka danna maɓalli, wato wajen zaɓen lokaci da wurin da ka tsayar da mutum, saboda haka daga nan za mu fara.

Daga hantsi zuwa bayan azahar rana tana tsaye a ka, haskenta yana saukowa daga sama, sai inuwa ta cika kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, hula ko ɗaurin ɗankwali kuma su ƙara tasu a goshi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, gumi ma kaɗai ya isa ya rusa kwalliya. Ka fita da sassafe, ko kuma da la'asar sakaliya, amma a gama shiri tun da wuri, domin a ƙasashenmu haske ba ya jinkiri da zarar magariba ta kawo jiki. Hazon hunturu kuwa abokin aikinka ne, tun da yana tausasa hasken rana. Sai dai sama kan yi fari fat, don haka ka rage ta a cikin hoton, ka kuma riƙa goge ƙura daga gilashi.

Idan dole ta sa ka aiki da tsakar rana, kada ka ruɗu da inuwar darbejiya, domin haske yana ratsa ganyenta ya zuba ɗigo-ɗigo a fuska da riga. Inuwar bango ta fi, a juya fuskar mutum ga sarari.

Batun shadda yana da dalili. Kyamara kan auna hasken duk abin da ta gani ta nemi tsaka-tsaki, saboda haka idan fari ya cika hoto sai ta rage haske, fuska ta yi duhu. In ka ƙara don fuskar, zaren aikin rigar ya yi fari fat ya ɓace a hoton. Maganin shi ne a rage ratar da ke tsakanin hasken fuska da na tufa. Ka tsayar da mai tallan a inuwa, ko ya ba rana baya, sannan wani ya riƙe babban farin kwali a gefensa yana mayar da haske kan fuskar, kai kuma ka daidaita har sai ka ga zaren aikin yana fitowa. Ba na goyon bayan ɗabi'ar nan ta haskaka fatar mutum a kwamfuta har danginsa su kasa gane shi. Fata baƙa tana da nata sheƙin idan haske ya zo mata daga gefe.

Wajen tsara hoton, ka kunna layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara. A hoton rabin jiki, idanu su faɗa kan layin sama, a kuma bar fili ta ɓangaren da mutum yake kallo. A hoton tsaye na tallan ɗinki babu laifi a sa shi a tsakiya, tun da rigar ake sayarwa. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne bayan mutum: falwaya da ta tsiro daga kansa, leda a ƙasa, ɗan kabu-kabu da ya gifta. Taku biyu zuwa dama ko hagu kan kawar da su. Ka nisanta shi da bango kamar mita 3, ka buɗe gilashin zuwa f/2.8 (lambar f ita ce ma'aunin buɗewar ƙofar haske, ƙaramar lamba tana nufin buɗewa sosai) don bayan ya dushe, amma idan 'yan matan biyu za su tsaya tare ka koma f/4 ko f/5.6, in ba haka ba ɗayarsu za ta fita dishi-dishi. Atamfa mai yawan zane tana son bango marar ado, irin na jar ƙasa, shadda mai launi ɗaya kuwa tana iya ɗaukar koren fadama. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da gilashi mai faɗin gani na milimita 24 zuwa 26, tana kumbura duk abin da ya kusance ta, hanci ne ko hannu, saboda haka ka ja da baya ka yi amfani da ninki biyu, wato maɓallin 2x mai kusanto da hoto. A hoton tsaye ka sauko da kyamara daidai ƙugu, kuma kada gefen hoto ya yanke mutum a gwiwa, gwiwar hannu ko idon sawu.

Sandarewa kuwa tana zuwa ne idan mutum bai san abin da zai yi da hannunsa ba, mai hoto kuma ya yi shiru. Yawancin salon tsayuwar da ake kwaikwayo daga hotunan Turai an tsara su ne don wando da matsattsun kaya, ba sa karɓar zane da mayafi. Suturar ce ya kamata ta faɗa maka tsayuwar. Mai babbar riga ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ya ɗan karkata yadda ɓangaren aljihu, inda aiki irin su aska takwas ya fi yawa, zai fuskanci kyamara. In ka sa shi ya tako a hankali yana gyara naɗin, rigar za ta buɗe da kanta, kai dai ka sa saurin ɗauka ya kai 1/500 na daƙiƙa don kada motsi ya ɓata hoton. 'Yan matan su juya jiki kaɗan daga kyamara, nauyi ya koma kan ƙafar baya, haɓa ta ɗan yi gaba ta sunkuya kaɗan. Hannu ɗaya ya kama gefen mayafi ko jaka, ta haka lalle zai fito ba tare da an baje tafi ba. Ka nuna tsayuwar da jikinka, ka riƙa jan su da hira, gyaran mayafi da ɗankwali kuma ka bar wa telar, domin ba aikinka ba ne ka taɓa su.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina sayar da abaya. Shin zan iya ɗaukar hotunan talla a Hubbaren Shehu ko a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, tun da wurare ne da kowa ya sani?

Amsa: Malama, ban ba ki shawarar haka ba. Hubbare makwancin Shehu Usmanu ne, wanda ya rasu a 1817, wurin ziyara da addu'a ne, bai dace da tallan kaya ba. Fada kuma ba a kafa kyamara a gabanta sai da izinin masu kula da ita. Ga fadamar gulbin Rima nan a Kwalkwalawa, a kan hanyarki ta zuwa makaranta. Ki dai lura kada layin da ƙasa ta haɗu da sama ya ratsa wuyan mai tallan, kuma ki nemi izinin mai gona kafin ku shiga. Haka nan ki samu amincewar wadda za ki ɗauka a rubuce, da sanin iyayenta ko mijinta, a bayyana shafukan da za a ɗora hoton da kuma tsawon lokacin da zai yi a kansu.